Casa'in da Bakwai Cikin Ɗari

Fahad, ajiye wayar nan ka saurare ni. Kai ma Majid matso kusa, na san Hausarku ta ji ce ba ta faɗi ba, to ku ji. Tun da kuka shigo kuke nuna mini wannan abu da ke gaya muku wanda zai ɗauki kofi, kuna dariya kuna cewa, "Ammu Idris, ashe aikin da ka tsufa a kansa ke nan, danna maɓalli ɗaya?" Ban ji haushi ba. Ni ma ranar da na fara ganin aikin dariya na yi.

Aikin farko da aka ba ni shi ne sayen 'ya'yan carbi. A farkon shekarun tamanin ne, ina ɗaukar takardu a wata 'yar maɗaba'a a bayan Bab Makka, a nan Jidda. Mai wurin, Abu Faisal, shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a wajen hukuma, domin ko da yake a unguwar Ruwais aka haife ni, iƙama, takardar zaman baƙi, muke riƙe da ita tun daga kakana da ya zo daga Katsina da ƙafa. Katin biki da rasit na shaguna ne ke ciyar da maɗaba'ar, amma ran Abu Faisal yana kan wata 'yar jaridar ƙwallo mai shafi huɗu da yake fitarwa duk Alhamis, a raba a gidajen gahawa. Ba manyan kulob take bi ba. Gasar unguwanni take bi, wadda ake bugawa bayan la'asar a filayen ƙasa, raga ma wani lokaci babu. A shafin ƙarshe akwai ɗan akwatin hasashe, mai cika shi kuwa Ustaz Bakur ne, Bahaushen Makka, malamin lissafi, gajere mai farin gemu da alli a aljihun riga.

Shi ne ya aike ni. Ya ce in sayo kore, da fari, da ja, duk girmansu ɗaya. Na sayo na kawo, ya rufe ido ya yi ta murza su, sai ya ware jajayen gefe.

"Mayar da waɗannan, ya waladi. Sun fi sauran kauri."

"Ustaz, wa zai lura da wannan ɗan bambanci?"

"Yatsanka. Yatsa ma yana da kulob ɗin da yake so."

Na yi ta komawa wajen mai carbin har ya fara ɓuya in ya hango ni.

Ga yadda aikin yake. A ce Ruwais za ta kara da Kandara. Ustaz zai ɗauki 'yar jakar yadi ya zuba 'ya'yan carbi goma. In yana ganin Ruwais ta fi ƙarfi, sai ya sa kore shida, fari biyu, ja biyu. Kore Ruwais ta ci, fari canjaras, ja an cinye ta. In sa hannu ba tare da na leƙa ba in zaro ɗaya, shi kuma ya rubuta makin a allo. Sai mu wuce wasa na gaba, a sake cika jaka, in sake zarowa, har mu kai ƙarshen gasar gaba ɗaya. Mu duba wanda ya zo na ɗaya, a ja masa layi da alli a gefe, a goge allo, a koma farko. Haka za mu wuni muna buga gasar da ba a buga ba, sau ɗari. Daga nan a ƙirga layukan, a buga a jarida cewa cikin ɗari Ruwais ta ɗauki kofi sau kaza, Kandara sau kaza. Hannuna kan yi tsami, hancin Ustaz ya yi fari da alli, shayi ya huce ba wanda ya sha.

Wannan zare-zaren shi ne kuke gani wayarku tana yi cikin ƙiftawar ido, kuma shi ne mafi sauƙi a sana'ar. Aikin yana wajen cika jaka. Wa ya ce kore shida ne ba biyar ba?

Ranar da aka fara tura ni kallon wasa ni kaɗai, na dawo da gudu na ce Kandara ta ci uku da nema. Ustaz bai ɗago daga kwanon wakensa na ful ba.

"Wannan mai sayar da ruwa a bakin fili ma ya sani. Wa ya fara haki?"

Na ce ban lura ba.

"Golan waɗanda aka ci, laifinsa ne ko masu tsaron baya ne suka bar shi? Iskar teku ta wane ɓangare ta taso? Koma mako mai zuwa, kuma kada ka kalli ƙwallon. Kalli mutanen."

Daga nan na koyi zama a shagon aski da wajen mai gasa burodin tamis. Na koyi sanin ɗan wasan da ya koma aikin kwana a tashar jiragen ruwa, da wanda matarsa ta haihu ba ya samun barci, da wanda ya sayi sabon takalmi yana matse shi amma kunya ta hana ya cire. In aikin hajji ya gabato, duk kulob ɗin da 'yan wasansa ke tura keken tsofaffi a Makka sai mu rage masa kore, don ƙafafunsu za su dawo a mace. Duk wannan nakan kawo wa Ustaz, mu yi ta gardama a kan ƙwaya ɗaya har magariba. Sai da na yi shekaru kafin ya bar ni na cika jaka da hannuna.

Abokan hulɗarmu kala-kala ne. Masu gidajen gahawa suna son akwatin don yana tayar da musu, musu kuma yana sayar da shayi. Masu horar da 'yan wasa sukan zo a ɓoye ta ƙofar baya, su ce wai katin biki suka zo tambaya. Akwai wata tsohuwa, Hajiya Ladi, da ɗanta ke tsaron gida wa Ruwais. Duk Laraba sai ta zo da kwanon dambu ta ajiye a kan tebur.

"Bakur, ƙara wa yarona kore ɗaya."

"Hajiya, in na ƙara masa a jaka, ba zai ƙaru a fili ba."

"Ni dai ƙara. Yana karanta jaridar nan, in ya ga an raina shi ba ya cin abinci."

Ustaz bai taɓa ƙarawa ba, kuma bai taɓa mayar da dambun ba. Wanda kawai na ga ya kora shi ne wani mutum da ya zo yana neman a riƙa ba shi lissafin kafin a buga. Ustaz ya gane 'yan caca ne suka turo shi, ya raka shi har titi ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa.

An taɓa kai ƙararmu wajen limamin unguwa cewa duba muke yi. Ba wasa ba ne wannan zargi a garin nan, kun sani. Liman ya zo da kansa bayan azahar, ya zauna, ya ce a yi a gabansa. Muka yi. Ya kalli jakar ya kalli allon.

"Ya Ustaz, kana cewa ka san abin da zai faru gobe?"

"A'uzu billahi, ya Shekh. Da na sani da ƙwaya ɗaya zan sa a jakar. Goma nake sawa saboda ban sani ba."

Liman ya yi murmushi, ya ce mu riƙa rubuta in Allah ya so a ƙasan akwatin. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa, ya rage murya ya tambayi nawa muka ba Kandara.

Kwamfuta ta shigo mana a ƙarshen shekarun casa'in. Faisal, ɗan mai gida, ya dawo daga karatu ya zauna kusa da Ustaz yana kallon yadda muke yi, sannan ya rubuta wa na'urar umarnin ta yi irinsa. Yaron kirki ne, kuma ya iya aikinsa. Ustaz ya yi murna kamar an yi masa jika. Abin da muke wuni muna yi sau ɗari, na'urar takan yi shi sau dubu goma kafin in zuba shayi. Ta fara fitar da lambobi masu ɗigo, su sittin da ɗaya da ɗigo huɗu, mutane kuwa in suka ga ɗigo sai su ɗauka magana ta ƙare. Muka yi kakar wasa biyu hasashenmu yana faɗawa daidai. Jaridar ta ƙara shafi. A gahawa an daina cewa "Ustaz yana ganin", an koma cewa "kwamfuta ta ce".

Sai shekarar Waziriyya ta zo.

Kulob ɗin Waziriyya a wannan kaka ban taɓa ganin irinsa a filin ƙasa ba. Mai horar da su Kabtin Haruna ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutum mai ƙaton ciki da taushin zuciya. Ya tattaro samari 'yan Najeriya da 'yan Nijar da suka zo umara suka zauna, suna dako a kasuwar kayan lambu. Ƙarfi gare su kamar me, ga su a gida ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci, shi ya sa a fili kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ruga tun kafin ya ruga. Golansu Sanusi Dogo, ɗan Maraɗi, in ya kama ƙwallo sai ya ce mata "merci" ya sumbace ta. Saura wasa uku a gama, nasara ɗaya kawai suke bukata. Muka cika jakunkunan yadda muka saba, Faisal ya danna, na'ura ta ce casa'in da bakwai cikin ɗari.

A makon nan Kabtin Haruna ya shigo ta ƙofar baya. Yana da yara huɗu haifaffun Jidda, masu takardu, da suka gaji da zaman benci. Wani ƙaramin kulob da ke neman faɗuwa ya roƙi a ba shi su, kuma ana gab da rufe rajistar 'yan wasa.

"Ustaz, yaran nan kullum iyayensu na zuwa kallo, su koma ba su ga 'ya'yansu sun taɓa ƙwallo ba. Ina so in sake su su je su buga. Me na'urarku ta ce?"

"Ta ce casa'in da bakwai."

"To halas, magana ta ƙare."

"Kabtin, saura uku cikin ɗari fa. Uku ma wani abu ne."

"Ukun nan mene ne a cikinsu?"

Ustaz ya yi tunani ya ce, "Gola ya ji ciwo. Alƙalin wasa ya ba da jan kati. Irin waɗannan."

"Ko Sanusi ya karye, ba za a ci mu sau uku a jere ba."

Gaskiya ya faɗa, mu ma haka muka gani. Ya saki yaran, suka tafi suna sa masa albarka. Ranar Alhamis Abu Faisal, wanda Allah ya yi shi da son babban kanu, ya buga a shafin farko da jan tawada: HALAS, KOFI YA TAFI WAZIRIYYA. Ustaz ya yi ƙorafi, ya ce akwatinsa bai faɗi haka ba, amma jarida ta riga ta fita. Tela ya fara ɗinka tutoci. Wani mai shago ya ɗaure raguna biyu a ƙofar gidansa don walima.

Ranar Talata da asuba motar masu kamen marasa iƙama ta tsaya a ƙofar gidan da samarin ke kwana. Aka kwashe kowa. Bakwai daga cikin sha ɗayan Kabtin Haruna suna ciki, har da Sanusi.

Yaran nan huɗu da aka saki suka dawo da gudu suna roƙon a mayar da su, masu shirya gasa suka ce rajista ta rufe, doka kuma ɗaya ce ga kowa. Abin da ya rage wa Waziriyya bai cika sha ɗaya ba. Kabtin Haruna da kansa ya sa safar hannu ya tsaya a raga, da cikinsa da komai, don tun farkon kaka an rubuta sunansa cikin 'yan wasa saboda raha. Na kalli wasannin uku duka. Mutumin nan ya yi ta faɗuwa a kan tsakuwa har gwiwoyinsa suka sassale, bai fita ba. An cinye su duka ukun. Ruwais ta ɗauki kofi, kuma ko su ba su yi wani dogon murna ba.

Abin da ya biyo baya shi nake kira mummunar shekara. Masu gahawa suka riƙa dawo mana da jaridu a ɗaure yadda muka kai su. In Ustaz ya bi ta Waziriyya, 'yan unguwa su bi shi da "Casa'in da bakwai! Casa'in da bakwai!" har ɗalibansa a makaranta suka ɗauka. Masu cewa duba muke yi suka sami bakin magana. Abu Faisal ya rufe akwatin hasashe, ya ce mini in fara neman wani kafilin don maɗaba'a ba za ta iya riƙe ni ba. Lokacin uwarku, ƙanwata, tana gidana, Majid, ba ta yi aure ba, ga 'ya'yana ƙanana, kuma duk takardunsu a kan tawa suke rataye. Na koma yankan katin biki ina jiran ranar da za a ce in tafi.

Ustaz bai ɓuya ba. Ya sa ni na kai shi wajen Kabtin Haruna, muka tattara kayan samarin da aka kama, muka sayi burodi da dabino, muka tafi tarhil, inda ake tsare mutane kafin a mayar da su ƙasashensu. Muka daɗe a rana kafin a bari mu gan su ta bayan ƙarfe. Sun rame, idanunsu sun faɗa. Sanusi ne ya leƙo, ya ga Ustaz, ya washe baki.

"Ustaz, yanzu nawa ka ba mu?"

Duka ɗakin ya fashe da dariya, har mai gadi. Ustaz ya miƙa hannu ta tsakanin ƙarafan ya riƙe nasa, ya daɗe bai saki ba.

Faisal kuwa ya yi kwanaki yana bin umarnin da ya rubuta wa na'ura layi-layi, yana neman inda ya yi kuskure. Bai samu ba, don babu. Ustaz ne ya zaunar da mu ya ce:

"Na'urarka lafiyarta ƙalau. Abin da muka ba ta shi ta juya. Mun gaya mata wasa uku ne, kowanne da jakarsa, in an yi rashin sa'a a na farko ba ruwan na biyu. Ashe duka ukun a ɗaki ɗaya suke kwana, mota ɗaya ta ishe su."

Faisal ya ce, "Amma Ustaz, wa zai san za a yi kame?"

"Ba wanda ya san ranar. Amma wane ne a cikinmu bai san ba su da takarda ba? Ni na sani, Idris ya sani, Kabtin ya sani, mai sayar da ruwa ya sani. Mun saba da abin har mun daina ganinsa. Ra'ayinmu ɗaya ne muka zuba mata, ta maimaita mana shi sau dubu goma, mu kuma muka ji kamar mutum dubu goma ne suka yarda da mu."

Sai ya ƙara da wata magana da na riƙe. Ya ce lokacin da muke zarowa da hannu, gajiya takan sa mu tsaya mu sha shayi, a nan wani zai ce, to in kaza ya faru fa? Na'ura ba ta ba mu wannan hutun ba.

Wanda ya ceci aikina Kabtin Haruna ne. Wata rana ya shigo maɗaba'a, wannan karon ta ƙofar gaba, yana ɗingishi, ya tsaya a gaban teburin Abu Faisal.

"Na ji za ka sallami Idris."

"Kasuwa ce ta mutu, ya Kabtin."

"Ni na saki yarana, ba Idris ba. Ustaz ya ce mini saura uku, na yi dariya. Halas ɗin nan kuma da ta cika shafi, da hannun wa aka rubuta ta?"

Abu Faisal ya sunkuyar da kai yana wasa da biro.

"An kwashe mini mutum bakwai a safiya ɗaya," in ji Kabtin. "Ba zan zauna in ga an ƙara na takwas ba. Buɗe akwatin nan. Ni zan fara saye, kuma a gahawar Waziriyya zan zauna in karanta da ƙarfi."

Haka ya yi. Da sabuwar kaka ta kama, akwatin ya dawo, amma da sauyi. Muka cire ɗigo daga lambobi. Kafin Faisal ya danna komai, sai mun zauna mu uku da butar shayi kowa ya kawo abin da zai iya rushe lissafin gaba ɗaya, kome rashin kan gadonsa, mu zaɓi mafi nauyi mu rubuta a ƙasan lambar da manyan baƙaƙe. Na ƙara tambayoyi a yawona na shagon aski: ina suke aiki, ina suke kwana, mota ɗaya ke kawo su fili? Abu Faisal kuma aka yi masa iyaka da kalmar halas. Ya kiyaye har ya rufe jaridar, sa'ad da kowa ya koma kallon ƙwallon Turai a talabijin. Mutane sun dawo a hankali. Ba mu sake yin farin jinin da muka yi a da ba, don mai karatu ya fi son a ce masa tabbas, amma ba mu sake sa wani ya ɗaure rago ba. Sunan Casa'in da Bakwai kuwa ya bi Ustaz har ƙarshen ransa, Allah ya jiƙansa, kuma daga baya in aka kira shi da shi amsawa yake yi.

Sanusi Dogo yana Maraɗi yanzu. Yana da shagon kayan miya, yana kuma horar da wani kulob na samarin unguwarsu. Kwanakin baya ya bugo mini waya, bayan mun gaisa ya ce sun kai wasan ƙarshe a gasar garinsu.

"Malam Idi, nawa ka ba mu?"

Na ce, "Sanusi, ban taɓa ganin yaranka sun buga ba. Sai ka faɗa mini su wane ne, ina suke aiki, ina suke kwana."

Ya yi dariya har sai da ya yi tari.

"Kowa a gidan ubansa yake kwana, Malam Idi. Nan ba motar da za ta zo ta kwashe su."